Sitiroid da Halayen 'Yan Dambe: Tambayoyin Iyaye da Samari a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa barin bakin mutanenmu mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Masu yin su iyaye ne da 'ya'yansu suka kamu da son dambe, da samari masu ɗaga ƙarfe, da matan da suka ga jikin maigida ya sauya cikin 'yan watanni. Bayanin lafiyar da ke ciki ba ya ɗauke wa kowa zuwa wurin likita.

Wai mene ne sitiroid ɗin nan da ake ta magana a kansa?

Jikin namiji yana yin wani sinadari a maraina mai suna testosteron. Shi ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina masa tsoka. Abin da jiki ke yi a rana ɗan kaɗan ne, bai kai miligiram 10 ba. A 1935 masana suka iya haɗa shi a ɗakin bincike, daga baya aka ƙirƙiro danginsa masu yawa: nandrolone da ake sayarwa da sunan Deca-Durabolin, da stanozolol, da Dianabol, da turinabol. Wasu ƙwayoyi ne, wasu allura ce mai mai-mai da ake yi a ɗuwawu ko cinya. Su ne 'yan gidan ɗaga ƙarfe ke kira allurar ƙarfi.

Magani ne na gaske, likitoci suna rubuta shi ga namijin da jikinsa ya kasa yin isasshen testosteron, ko wanda doguwar jinya ta cinye masa tsoka. Mai neman ƙwanji kuwa yakan ɗura ninki goma na abin da likita zai bayar, ko fiye, sau da yawa ma iri biyu ko uku a haɗe.

Shi ne "sha ka fashe" da wasu mata ke sha don su yi ƙiba?

A'a. Wancan yawanci dexamethasone ne ko prednisolone, a haɗa da maganin buɗe ciki. Shi ma likitoci suna kiransa sitiroid, amma gidansu daban. Ba ya gina tsoka, cinye ta ma yake yi. Ruwa da kitse yake tarawa, fuska ta yi zagaye kamar an hura, sukari da hawan jini su biyo baya. Akwai samarin da ake sayar wa shi da sunan maganin ƙarfi, su ga nauyinsu ya ƙaru a ma'auni su ɗauka aiki ne. Wanda ya daɗe yana shansa kada ya yanke shi dare ɗaya, yin haka na iya kai mutum kwance. Likita ne ke rage shi a hankali.

Da gaske yana ƙara ƙarfi, ko zuzutawa ce?

Yana ƙarawa, kuma duk uban da ya ce wa ɗansa ba ya aiki ya zubar da maganarsa, don yaron yana ganin abokinsa a gabansa. A 1996 an yi wani gwaji sananne a Amurka: aka riƙa yi wa wasu maza allurar testosteron miligiram 600 kowane mako har mako 10. Waɗanda aka yi wa allurar suna kuma ɗaga ƙarfe sun ƙara tsoka wajen kilo 6. Abin da ya fi ɗaure kai, waɗanda aka yi wa allurar suna zaune ba sa motsa jiki sun fi ƙara tsoka a kan masu ɗaga ƙarfe ba allura.

Ga ɗan dambe ribar ba ta tsaya ga girman damtse ba. Jikinsa yana saurin murmurewa daga gajiya, ya yi atisaye safe da yamma kullum, alhali abokin karawarsa sai ya huta. Shi ya sa ha'incin ya fi muni a dambe. Ben Johnson da aka kama da stanozolol a Seoul a 1988 lambar zinare ya sace a tseren mita 100. Ɗan damben da ya sha kuwa, kan mutum yake sauke abin da ya sha.

Su wane ne aka taɓa kamawa cikin manyan da yaranmu ke kallo?

Wanda ya fi shafar mu 'yan Najeriya shi ne Jarrell Miller. Shi ne aka shirya zai kara da Anthony Joshua ranar 1 ga Yuni 2019 a New York. Gwaji ya nuna abubuwa uku a jikinsa, ciki har da sinadarin ƙara girma da EPO mai ƙara jini. Aka cire shi, aka ɗauko Andy Ruiz a gurguje, shi kuma ya kayar da Joshua sau huɗu, aka tsayar da wasan a turmi na bakwai. Sai a Disamba na shekarar Joshua ya karɓo kambunansa a Saudiyya.

A UFC, kamfanin shirya faɗan cikin keji da ya haɗa dambe da kokawa, sunan Jon Jones ne a gaba. An cire shi daga babban wasan Yuli 2016 saboda gwaji. Ya dawo a Yuli 2017 ya buge Daniel Cormier, aka sami turinabol a fitsarinsa, aka soke nasarar aka karɓe kambun. Anderson Silva, wanda samari da yawa suka ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba, an kama shi da sitiroid ɗin drostanolone a 2015. Brock Lesnar, 2016. T.J. Dillashaw, EPO, dakatarwar shekara biyu a 2019. A damben boksin akwai Canelo Alvarez a 2018, da Tyson Fury wanda aka sami nandrolone a samfurinsa na 2015, da Ryan Garcia da aka soke nasararsa a kan Devin Haney a 2024.

Masu kokawar talabijin su ma suna ciki. Hulk Hogan, wanda ya shekara da shekaru yana gaya wa yara su yi addu'a su sha bitamin, ya amsa a gaban kotu a 1994 cewa ya daɗe yana amfani da sitiroid.

Amma in an kama su sai su ce ba su sani ba, ko nama suka ci. Akwai gaskiya a ciki?

Wani lokaci akwai. Canelo ya ce naman Meziko ne, kuma sananne ne cewa wasu masu kiwo a can suna ba shanu clenbuterol don su yi tsoka. Wata shida aka dakatar da shi. Fury ya ɗora laifin a kan naman aladen daji. Haka nan an sha samun garin ƙarin kuzari na gwangwani da aka cuɗanya da haramtaccen abu ba tare da an rubuta a jiki ba. Sai dai ƙa'idar hukumar WADA, mai kula da wannan fanni a duniya tun 1999, ita ce ɗan wasa ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba. Uzuri yana rage hukunci ne kawai. Wanda aka tabbatar da gangan ya sha sitiroid, shekara huɗu ce.

Wannan ƙa'ida ta fi cin ƙananan 'yan wasa, waɗanda ke haɗiye duk abin da mai horaswa ya miƙo. Chika Amalaha tana da shekara 16 aka karɓe mata zinaren ɗaga nauyi a Glasgow a 2014 saboda maganin sa fitsari. Cynthia Ogunsemilore, 'yar damben da ta taso a Bariga nan Legas, an dakatar da ita a Paris a 2024 tun kafin ta jefa naushi ko ɗaya, saboda furosemide. Irin waɗannan magunguna an haramta su ne don suna rage nauyi da sauri, suna kuma iya wanke alamar wani abu daga fitsari. Duba amsar da ke ƙasa kan allurar da mai horaswa ke kira bitamin.

Ana iya gane mai sha da ido?

Ba da tabbaci ba. Akwai alamu: kafaɗu da wuya su cika cikin wata biyu ko uku, ƙuraje manya a baya da ƙirji, nono ya kumbura, sanƙo ya zo da wuri. Amma kowace ɗaya tana da wasu dalilan. Lokacin da Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya kara da Paulo Costa a 2020, an ga nononsa na dama ya ɗan zubo, intanet ta ɗauka. Bai faɗi gwaji ba. Mu kuma nan muna da masu dakon buhu a Mile 12 da mahauta a Oko-Oba masu murɗaɗɗen jikin da aiki ne kawai ya gina shi. Zargin mutum a kan siffarsa zato ne. Ga ɗanka na cikinka, abin dubawa shi ne saurin sauyin, da kwalabe ƙanana ko sirinji a jakarsa.

Mece ce illarsa, tunda masu shan ga su nan garau?

Garau a ido. Illa mafi girma a zuciya take: hawan jini, kitse mai kyau na jini ya faɗi mara kyau ya hau, jini ya yi kauri, bangon zuciya ya yi tauri har ta kasa bugawa yadda ya kamata. Wannan ba ya ciwo sai ranar da ya kayar da mutum. Na haɗiya sun fi cin hanta, idanu su yi rawaya kamar mai shawara. Yaron da bai gama girma ba kuwa, sitiroid yana rufe masa bakin ƙashi, ya tsaya a tsawon da yake har abada.

Abin da ya fi sa samari su nutsu su saurara shi ne na haihuwa. Da jiki ya ga testosteron yana shigowa daga waje, sai ya daina yin nasa. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu, a wasu su ƙare ƙaf. Mutum yana da sha'awa da ƙarfi, yana ganin komai lafiya, amma ciki ba ya shiga, dangi kuma su sa wa matar ido. Bayan an daina, yakan ɗauki watanni, wani shekara ɗaya ko biyu, kafin abin ya dawo, wani kuma ba ya dawowa daidai. A wannan tsakanin ne kasala da mutuwar gaba da baƙin ciki ke rufe mutum, ga tsokar tana zubewa a gaban madubi, sai ya koma. Masana sun ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku na masu sha yakan kasa bari.

Macen da ta sha, murya ta yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta rikice. Muryar ba ta komawa.

Shi ne ke sa su dukan mata da faɗa a titi?

Yana da hannu a wasu, amma bai isa ya zama uzuri ba. Yawancin masu sha ba sa haukacewa. Kaɗan daga cikinsu ne ke zama masu saurin hasala, musamman da yawan sha ko in an haɗa da giya. Manyan laifuffukan da aka sani ba su jira allura ba. An ɗaure Mike Tyson a 1992 kan fyaɗe, ya yi shekara uku, ya fito ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997, aka ci shi tarar dala miliyan 3. Floyd Mayweather ya shiga kurkuku a 2012 kan dukan uwar 'ya'yansa. Jon Jones ya buge motar wata mai ciki a 2015, hannunta ya karye, ya sauka ya gudu da ƙafa. Conor McGregor ya naushi wani dattijo a mashaya a Dublin a 2019.

Labarin da aka fi jinginawa ga sitiroid shi ne na ɗan kokawa Chris Benoit, wanda ya kashe matarsa da ɗansa ya kashe kansa a Yuni 2007. An sami testosteron mai yawa a jikinsa, gaskiya ne. Amma da aka duba ƙwaƙwalwarsa an same ta a lalace saboda shekarun da ya yi yana shan duka a ka. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba: shi kansa naushin da ke sauka a ka shekara da shekaru yana iya sauya halin mutum. Sai a ƙara da kuɗi mai yawa a hannun saurayi, da 'yan amshin Shata da ba mai iya ce masa bari.

Zage-zagen da suke yi kafin wasa, gaske ne ko shiri?

Kasuwa ce, ko da zuciya ta shiga daga baya. A Afrilu 2018 McGregor ya ɗauki ƙarfen tura kaya ya jefi motar da Khabib Nurmagomedov ke ciki a Brooklyn, gilashi ya ji wa wasu 'yan wasa rauni, 'yan sanda suka kama shi. Kamfanin UFC da ya kira abin da abin kunya, shi ne ya ɗauki hoton ya yi tallar wasansu da shi. Wasan na Oktoba 2018 ya fi kowane wasa a tarihin kamfanin kawo masu biya su kalla, wajen miliyan 2.4. McGregor ya taɓa addinin Khabib da mahaifinsa da ƙasarsa. Khabib ya shaƙe shi a turmi na huɗu, sannan ya tsallake keji ya auka wa mutanensa. Aka ci Khabib tarar dala 500,000 da dakatarwar wata tara.

A gidajen kallonmu an yi ta kabbara a daren nan, wanda a agogonmu daf da asuba ne. Ni ma na ji daɗin nasarar. Amma tsallake kejin kuskure ne, kuma mahaifinsa da ya horar da shi bai yaba ba. Abin da ya kamata yaro ya gane shi ne wanda ya zagi uwar wani a gaban kyamara ana biyansa miliyoyi, shi kuwa in ya kwaikwaya a tashar mota a Agege, ofishin 'yan sanda zai kwana, in ma abin ya tsaya nan.

To damben gargajiya namu fa? Shi ma akwai wannan?

Ɗan damben gargajiya ya daɗe da nasa shirin: layu, guru, rubutun sha, tsaga a hannu a cusa magani kafin a ɗaure kara. Wannan tsohon abu ne, kuma kowa a fili yake ganinsa. Sabon abin da ya shigo shi ne na kemis. A gidan dambe abin da ya fi yawo tiramadol ne da wiwi, don su kashe zafin duka su cire tsoro. Haɗarinsu a fili yake: wanda ba ya jin zafi ba ya sanin lokacin da ya kamata ya tsaya, kuma tiramadol mai yawa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. WADA ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. A filin damben unguwa ba wanda ke karɓar fitsarin kowa, saboda haka magana tana hannun sarkin dambe da manyan kowane ɓangare, Kudu ko Arewa ko Guramada.

Yanzu da ake ɗaukar dambe a waya ana sa shi a YouTube, mutanen ƙasashen waje suna kallo, jiki ya zama abin talla. Yaron da yake son kyamara ta tsaya a kansa yana da dalilin neman ƙirji da damtse wanda magabatansa ba su da shi. Amma dambe yana da abin da ya kamata a riƙe: ana kirari, ana cika baki, makaɗa suna zuga, a yi kisa, sannan wanda ya yi kisan yakan miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kayar. Ba a bin mutum gida.

Ya dace yaro ya ɗauki ɗan dambe a matsayin abin koyi?

Ya koyi abin da mutumin ya iya. Ɗan dambe ya shahara ne don naushinsa, ba wanda ya gwada halinsa kafin a ba shi kambu, kuma ba a karɓe ɗaukaka don hali: Jones da duk abin da aka lissafa a sama ya dawo ya ci kambun masu nauyi a Maris 2023. Abin ɗauka a wurinsu yana da yawa. Tashi da asuba a yi gudu, kame baki daga abinci, faɗuwa a gaban duniya a tashi a sake. Francis Ngannou tun yana yaro yake haƙar yashi a ƙauyensu a Kamaru, ya ci kambun UFC a 2021. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya riƙe nasa daga 2019 zuwa 2022.

Hatta waɗanda muke so ba su cika goma ba. An kama Joshua da wiwi a 2011, kotu ta sa shi aikin al'umma, ya gyara ya ci zinare a Landan a 2012. Shekara goma bayan nan, da Oleksandr Usyk ɗan Ukraine ya doke shi karo na biyu a Jidda, ya watsar da kambuna daga dandali ya karɓi makirufo ya yi ta sambatu, daga baya ya amsa cewa bai kyauta ba. Muhammad Ali ya yarda a karɓe masa kambu a 1967 maimakon ya je yaƙin Biyetnam, kuma shi ne dai ya yi wa Joe Frazier cin mutuncin da Frazier ya daɗe bai manta ba. Yaro zai iya riƙe duka biyun a kansa in an gaya masa duka biyun.

A ganina ma mun cika ɗora wa na talabijin nauyi. Wanda yaron yake kwaikwayo da gaske shi ne yayan unguwa mai faffaɗan ƙirji da ake kira gadin ƙofa a wurin biki a ba shi kuɗi, wanda yake gani kullum, wanda kuma zai iya nuna masa inda ake sayen allurar. McGregor ba zai taɓa miƙa wa ɗanka sirinji ba.

Ni saurayi ne. In manya suna sha suna cin miliyoyi, me zai hana in gwada zagaye ɗaya, wato in sha na ɗan lokaci in daina?

Ɗan'uwa, abin da suke sha da abin da za a sayar maka ba ɗaya ba ne. Mai miliyoyi yana da likita mai auna jininsa, kuma duk da haka ba su tsira ba: Eddie Guerrero zuciyarsa ta tsaya a 2005 yana da shekara 38, abin da ya sa WWE, kamfanin kokawar talabijin da yake wa aiki, ta fara gwajin 'yan wasanta a 2006. Kai kuwa kwalba za a ba ka mai rubutun da ba ka iya karantawa, ba lambar NAFDAC, wadda ta sha rana a kanti. Jabun magani ya yi yawan da hukumar ta rufe kasuwar magunguna ta Idumota a farkon 2025 tana kwashe kaya. Abin da ke cikin kwalbar zai iya zama rabin abin da aka rubuta, ko wani abu daban, ko mai kawai.

Zagaye ɗaya kuma ba ya tsayawa ɗaya, saboda dalilin da aka faɗa a amsar illa. In kana mafarkin saka rigar Najeriya wata rana, ka sani wasu irin suna barin alama a jiki watanni bayan an daina.

Mai horas da ɗana ya ce allurar bitamin ce yake yi musu. In yarda?

Kada ka yarda, Alhaji, sai ka ga kwalbar. Ka je wurin da kanka. Yawancin gidajen ɗaga ƙarfe na unguwa rumfa ce ta kwano a bayan gida: siminti da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka ƙarfen mota a tsakiya, benci na katako, fasasshen madubi jingine da bango, hoton wani ƙato an manna. Ba laifi a wannan, jiki ba ya tambayar kuɗin ƙarfe. Abin dubawa shi ne 'yar jakar da mai wurin ke ajiyewa a lungu, da yaran da ke shiga bayan labule ɗaya bayan ɗaya su fito suna murza ɗuwawu. Ka ɗauki hoton kwalbar ka kai wa mai harhaɗa magani mai lasisi ya karanta maka.

Ko da bitamin ce, lafiyayyen yaro mai cin abinci ba ya bukatar allurarta, kuma mai horaswa ba ma'aikacin jinya ba ne. Sirinji ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, allurar da aka yi ba tsabta kuma takan zama maruru mai zurfi da sai an tsaga.

Maigidana ya riga ya fara. Yaya zan yi?

Hajiya, kada ki tare shi a gaban mutane, kada kuma ki fara da zubar da kwalaben, zai sayo wasu ya ɓoye. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ki fara da abin da ya shafe ku biyu, wato haihuwa da zuciyarsa. Abin da kike nema a karon farko shi ne ya yarda a auna shi: hawan jini, hanta, ƙoda, kitsen jini, kaurin jini, da maniyyi in kuna neman haihuwa. Ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da tsawon lokacin. Likita ba ɗan sanda ba ne. Manyan asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, suna da likitocin wannan fanni. In bayan ya daina baƙin ciki ya danne shi har yana maganar gajiya da rayuwa, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ba tare da jira ba.

In kuwa hannunsa ya fara kai wa jikinki ko na yara, wannan ba maganar magani ba ce kuma. Ki sanar da waliyyanki da wani babba da yake jin nauyinsa tun a karon farko.

Me addini da doka suka ce?

A doka magani ne da ba a sayarwa sai da takardar likita, mai sayar da shi a rumfa ya saɓa ƙa'ida. A addini malamai sukan kawo abu biyu: hanin jefa kai cikin halaka da ke Suratul Baƙara aya ta 195, da hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, don mai shiga gasa da allura a jiki ya ha'inci abokin karawarsa da masu kallo. Kan hali kuma akwai hadisin Bukhari da Muslim da ya ce mai ƙarfi ba shi ne gwanin kayarwa a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Wanda likita ya rubuta wa don ciwo, nasa daban ne.

In hana shi dambe da ɗaga ƙarfe gaba ɗaya? In ba haka ba, me zai ci ya gina jiki?

Hani yakan mai da abin ɓoye ne, kuma a Legas saurayin da ke gajiyar da kansa a atisaye ya fi wanda ke zaune a bakin layi. Ka nema masa wuri mai mai horaswa da aka sani, irin waɗanda ke atisaye a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ka riƙa leƙawa. In faɗan UFC ya faɗo da tsakar dare, gara ya kalla a gida kusa da kai da ya kwana a gidan kallo, kuma nan ne za ka sami bakin gaya masa labarin wanda yake yi wa tafi. A atisaye ya sa robar baki da hular kare kai, in kuma ya sha naushin da ya sa shi jiri ko amai, ya huta har likita ya sallame shi.

Abinci kuwa, mai ɗaga ƙarfe yana bukatar wajen giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 wajen giram 110. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Sauran zai samu a wake, awara, kifi, nono, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da ɗan nama, a raba su cikin yini, da barcin awa bakwai zuwa takwas. Garin furotin na gwangwani da garin ƙarin kuzari na creatine ba sitiroid ba ne, WADA ba ta haramta su ba, amma a sayi mai lambar NAFDAC a shagon da aka sani, saboda abin da aka faɗa a sama kan garin da ake cuɗanyawa. Wanda ya fara daga tushe ya dage, 'yan kilo na tsoka zai ƙara a shekarar farko, a shekara ta biyu kuma abin ya ragu.